Ƙarar Injin da Baba Kunne Bai Ji Ba

Motar ta Yaya ce. Ranar da injinta ya buga, shi da abokansa suka turo ta cikin gida suka jingine ta da katanga kusa da tankin ruwa, ya ce mako mai zuwa zai kira bakanike. Damina ta zo ta wuce a kanta, wata ta biyo. Kaji suka mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana, Umma kuma ta samu wurin shanya tabarmi.

Ni a lokacin na gama karatun kwamfuta, ina zaune a gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Da na ce a bar mini motar in gyara, Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Injiniya, wannan fa ba kwamfuta ba ce da za ki kashe ki kunna ta warke."

"Na ji. Ka bar mini ko ba ka bar mini ba?"

"Na bar miki har abada. In ta tashi, ni zan riƙa wanke miki ita."

"Umma, ki zama shaida."

Umma ta ce ita abu ɗaya ta sani, kada ta ga ɗigon baƙin mai a kan simintinta.

Ba da ka na yi maganar ba. Tun ina makaranta na buɗe wani zaure a intanet na masu sha'awar tsofaffin motoci. Aikin aji ne da farko, malami ya ba ni maki ya manta da shi, amma mutane suka shigo suka zauna: direbobi, masu fenti, ma'aikatan ofis da ke kwance inji a ƙarshen mako matansu na mita. Kowa da laƙabinsa yake shiga, ni kuma suna ce mini Uwar Zaure. Wani kamfani ne ke riƙe mana shafin a manyan kwamfutocinsa, kamar dai yadda ake kama hayar shago.

Doka ɗaya na kafa mai tsauri. Da aka gane mace ce ke riƙe da zauren, saƙonnin sirri suka fara yi mini ruwa, wasu na tallar kayan gyara na jabu, wasu na tambayar ko ina da aure. Sai na rufe saƙon sirri gaba ɗaya, na kuma saita shafin yadda duk wanda ya rubuta lambar waya za ta koma taurari. Abin da za ka faɗa, faɗe shi a gaban kowa. Aka yi ta gunaguni, na toshe kunne.

Daga baya ne Baba Kunne ya shigo. Ba shi ya ba kansa sunan ba, mu muka laƙaba masa. Idanunsa sun yi rauni, ba ya ganin hoto sosai, rubutu kuma wahala yake ba shi, don haka murya yake turowa. Duk wanda ya kawo kukan motarsa, amsar Baba ɗaya ce: "Ajiye wayar kusa da inji ka ɗauko mini ƙararta." Sai ya saurara, ya faɗi abin da ya ji. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, in ya kuskure shi ke fara yi wa kansa dariya. A bayan muryarsa kullum akwai kukan tattabaru da wata fanka mai ƙiƙi. Iyakar abin da muka sani game da gidansa ke nan.

Da na buɗe injin Yaya, Baba ne ya tsaya mini. Na kwance kan injin, na jera notuna a gwangwanayen madara, kowane da alamarsa. Na ciro fistan ɗaya ya ƙone gefe guda kamar gindin tukunya. Tunda Baba ba ya ganin hotunan da nake ɗorawa, sai ya sa in riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da sufana yana ji.

"Ɗiyata, sake bugawa. A'a, a hankali, ba bashi ya ci miki ba. Yawwa. Wannan lafiyarsa ƙalau, ki wanke shi da kananzir ki ajiye."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Wata ƙusa ta karye a cikin raminta, na yi kwanaki ina fama da ita har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Faratana suka yi baƙi, sabulu ya gaza. Umma takan kama hannuna ta juya shi ta ce, "Duk karatun nan, ki ƙare da hannun maƙeri." A kasuwar kayan gyara masu shago kan tambaye ni wa ya aiko ni, in ce ni na aiko kaina. Ban taɓa kuka a gaban kowa ba. In abin ya ishe ni, sai in kunna muryar Baba in ji yana cewa ƙarfe ba ya gaba da mutum, taurin kai kawai gare shi, kuma a ganinsa na fi shi.

Wata rana ya yi rubutu, abin da ba kasafai yake yi ba. Layi ɗaya ne, taurari a jere. Sai ga muryarsa ta biyo baya yana dariya.

"Ɗiyata, na lallaɓa na rubuta miki lambata don in kin maƙale ki kira ni, zaurenki ya mai da ita taurari. Ko a sama kike so ki neme ni?"

Na amsa masa a gaban kowa: "Doka ce, Baba. Ko ni ta hau kaina."

"To, Allah ya ja zamanin Uwar Zaure. Ni dama jikata ce ta buɗe mini wurin nan a waya kafin ta tafi makarantarta mai nisa. Dannawa kawai nake in gan ni a ciki. Amma ki yi mini alkawari ɗaya. Ranar da za ki tayar da motar nan, kada ki taka mai. Ki bar ta ta yi magana da kanta, ki ɗauko mini. Ina so in ji ta kafin 'yan zauren nan su cika wurin da barka."

Na ce na yi alkawari.

Saura in ɗaura kan injin, wata safiya na buɗe zauren na ga farin shafi. Na sake gwadawa, fari fat. Na kira kamfanin, wani ma'aikaci mai sanyin murya ya ce suna kan aiki. Washegari ma suna kan aiki. Na kira har ya gane muryata.

"Ranki ya daɗe, gaskiyar magana ma'ajiyar da shafinku ke ciki ta ƙone."

"To ku dawo da shi daga kwafin ajiya. Kun ce kullum kuna yi."

Na ji yana danne-danne. "Akwai kwafi. Sai dai ya ɗan kwana biyu."

Bai ɗan kwana biyu ba. Kwafin tun na zamanin da nake makaranta ne, kafin dokar taurari, kafin injin Yaya, kafin Baba Kunne. Na faɗa wa ma'aikacin maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, ya ce yana ba da haƙuri a madadin kamfani. Na kwashe ɗan abin da ya rage na koma wani kamfanin, na sake gina zauren da hannuna a adireshinsa na da, na mayar da dokokina yadda suke. Ya dawo kamar gidan da aka yi wa sata aka share. Hotunana sun tafi, ban damu ba. Muryoyin Baba sun tafi. Sunayen waɗanda suka yi rajista da imel ɗinsu, su ma sun tafi.

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sake rajista yana tsokana. Mai Fenti, wanda ya fi kowa surutu a zauren, ya rubuta: "Uwar Zaure, mun zaci kin sayar da mu ne kin yi kayan ɗaki." Na ce wa zai saye shi. Ina amsa musu, idona na kan sababbin sunaye. Baba bai zo ba.

Na san dalili, ba sai an faɗa mini ba. Zai danna wurin da jikarsa ta nuna masa, shafin ya tambaye shi suna da kalmar sirri, ya ce bai san shi ba. Zai sake dannawa. Wataƙila ya miƙa wa wani wayar, wanin ya duba ya ce, "Baba, abin nan ya mutu." Na tambayi 'yan zaure ko akwai wanda ya san garinsu ko sunansa na gaskiya. Babu. Wani ya ce yana jin tsohon direban babbar mota ne, wani ya ce a'a, a jirgin ruwa ya yi aiki. Tattabaru da fanka, su kowa ya tuna.

Sai na yi abin da duk mai riƙe da shafi zai ce hauka ne. Na cire ƙofar. Na saita zauren yadda kowa zai iya shiga ya yi rubutu ko ya turo murya ba tare da rajista ba.

Kafin a jima tallace-tallace suka cika wurin: caca, maganin rage ƙiba, agogunan jabu, harsunan da ban taɓa gani ba. Akwai hanyar share su gaba ɗaya da dannawa guda, amma ban yarda da ita ba. Ina tsoron in haɗa da saƙon Baba. Kowace safiya, kafin in taɓa sufana, sai in zauna a kan tsohuwar taya in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in saurari duk wata murya, sannan in goge. Kafin azahar wasu sun maye gurbinsu.

"Uwar Zaure," in ji Mai Fenti, "na shigo neman shawarar birki na fita da maganin tumbi. Ki rufe ƙofar nan don Allah."

"Wanda bai iya tsallake shara ba ya zauna a gida."

"Tsohon nan fa ba zai dawo ba. Da kin bar mu da lambobinmu tun farko, da yanzu kira ɗaya ne."

"Da na bar ku da lambobinku, da tuni na rufe zauren saboda irinku."

Na ajiye wayar na je na ɗaure notunan kan inji, ina bin su a gicciye yadda Baba ya koya mini, daga tsakiya zuwa gefe.

Injin ya haɗu. Na zuba baƙin mai, na cika ruwa, na ɗaura batir. Sai na rufe murfin na bar ta. Mako ya wuce, wani ya bi shi.

"Injiniya, ko tsoro ne?" in ji Yaya. "Faɗi gaskiya, notuna nawa suka yi saura a gwangwani?"

"Ko ɗaya."

"To me ake jira? Na sayi soso tun tuni."

Umma ce ta gane. Tana tsintar shinkafa a bakin ƙofar kicin, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tsohon nan take jira. Ki tayar da abarki, 'yar nan. In yana da rabon ji, zai ji."

Da la'asar na tayar da ita. Na kori kajin, na ajiye wayar a gefen inji, na zauna na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake. Ta yi tari mai tsawo, ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, sai ta kama. Ƙafata na neman totur, na janye ta. Na bar ta ta yi magana da kanta. Yaya ya tsaya baki buɗe, sannan ya juya ya ɗauko bokiti. Umma ta ce hayaƙin zai kashe mata kaji, amma na ga tana goge ido da bakin mayafi.

A cikin ƙarar, can ƙasa, akwai wani ɗan tak-tak siriri. Yaya bai ji ba. Ni na ji.

Na ɗora ƙarar a saman zaure, na rubuta: "Ta Baba Kunne ce. Kowa ya dakata sai ya fara ji." Suka dakata kuwa, har Mai Fenti. Zauren da ba ya rabo da surutu ya yi tsit a ƙarƙashin wannan saƙo, sai 'yan talla kawai ke shigowa ina gogewa. Kwanaki suka tafi. Daga baya wani sabon shiga da bai san zancen ba ya rubuta "Barka, inji ya yi daɗi," sauran suka biyo shi. Na ƙyale su. Babu wanda ya ambaci tak-tak ɗin.

A lokacin mutane sun fara guduwa. Mai tambayar gaske sai ya rubuta matsalarsa, kafin a amsa talla ta binne ta. Tsofaffin 'yan zaure suka rage shigowa. Wata safiya na buɗe na ga babu saƙon mutum ko ɗaya, duk shara ce. Na karanta ta duka har ƙarshe kamar kullum, na saurari muryoyin, na goge. Sannan na mayar da ƙofar. Dannawa biyu ne kawai, na daɗe ina kallon na biyun.

Zauren ya farfaɗo. Yanzu ni da kaina nake ajiye kwafinsa a wurare daban-daban, ban ƙara dogara da alkawarin kowa ba. Dokar lamba tana nan, ban cire ba, kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce daidai ce. Sai dai nakan tuna layin nan na taurari, da yadda ya ce ya lallaɓa ya rubuta, da idanun da ba sa gani sosai.

Na samu aiki daga baya, da motar nake zuwa. Yaya ya wanke ta sau ɗaya ya ce alkawari ya cika. Tak-tak ɗin yana nan, an fi jin sa da safe kafin inji ya yi zafi. Ina kyautata zaton bawul ne ke son a ɗan saita shi, aikin yamma ɗaya. Rannan na rage wa Yaya hanya, muna tsaye a danja ya karkata kai.

"Injiniya, ba kya jin wani ɗan sauti?"

"Ina ji."

"To ki gyara mana."

"Bar shi," na ce. Danja ta ba mu hannu, na sa giya.