Katin Ƙarshe na Madam Léonie

Shekara huɗu na yi ina kula da Madam Léonie a gidanta na Paris, ban taɓa jin ta gode min ba tare da ta haɗa da gyara ba. Kullum da safe in taso daga unguwarmu ta Stains, in yi mata wanka, in taje ɗan gashin da ya rage mata, ita kuwa tana mita ruwa ya yi zafi ko ya yi sanyi. A 2007 shekarunta ɗari da biyu. Kaka nake kiranta. Da farko ta ƙi, daga baya in ban kira ta haka ba sai ta ɗaure fuska.

Da ƙuruciyarta labarin fim take rubutawa, tun zamanin da fim ba ya magana. Ƴan wasa su yi ta motsa baki, sai a nuna kati mai ɗauke da abin da suka ce. Ta ce min guda goma sha ɗaya ta rubuta, duka sunan mai kamfanin, wani Armand, aka saka.

"Wai sunan mace ba ya cika kujeru," inji ta. "Mutumin da ko wasiƙa sai na gyara masa!"

Gaskiya ban cika yarda ba. Tsofaffi nawa na yi wa aiki, kowanne da labarin bajintarsa.

Ran nan ina karanta mata jarida, sai ga labarin an tsinci wani fim na 1927 a kan matar wani masunci, an gyara shi, za a nuna a Lyon ranar Asabar da rana. Katunansa sun ɓace, masana sun rubuta sababbi. Marubucin fim ɗin kuma, wai Armand.

"Raliatou, Asabar za mu Lyon," ta ce min.

"Haba Kaka, likita ya ce ko matakala kada ki sauka."

"Likitan da na girmi kakarsa?"

Yanis, jikan ƙanwarta wanda ya ɗauke ni aiki, ya bugo waya ya ce in na fita da ita, a bakin aikina. Na ce to. Ranar Asabar na iso na tarar ta shafa jan-baki da kanta, ya karkace har gefen kunci, tana riƙe da sandarta tana jirana. Tausayi ya kama ni, haushi ya biyo baya. Na goge mata bakin, na ɗora ta a keken guragu, muka kama jirgin ƙasa.

Zauren nuna fim ɗin ya cika, wani yana kaɗa piyano. Kaka ta zuba wa fim ɗin ido har wajen ƙarshe, inda masuncin ya dawo bayan shekara bakwai, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana magana. Kati ya fito: "Ka yafe mini, na yi kuskure."

Ta buga sanda a ƙasa. "Ƙarya ne!"

Piyano ya tsaya, aka kunna fitilu. Shugaban taron, wani Tariq, ya taho da murmushin da ake yi wa tsofaffi. Na san murmushin nan, na kuma tsane shi.

"Madam, ko za a kai ki waje ki sha iska?"

"Ka maido fim ɗin baya," ta ce. "Lokacin da ake ɗauka, bayan kyamara nake tsayawa ina faɗin magana, ƴar wasa tana maimaitawa. Haka muke aiki. Ku bar karanta katinku, ku dubi bakinta."

Mutane suka fara cewa a maido, dole Tariq ya ɗaga hannu aka maido.

Matar ta sake tsayawa a bakin ƙofa. Tana buɗe baki, Kaka ta ɗaga murya: "Na gama jiranka. Kwale-kwalen nawa ne yanzu, gidan ma nawa ne. Kama hanyarka."

Kowace kalma ta hau leɓen matar daidai, har inda ta tsaya ta ja numfashi. Masuncin ya amsa, Kaka ta faɗi tasa maganar, ita ma ta hau. Haka ta bi su har hoton ya ƙare. Kunya ta kama ni da na tuna shekara huɗu ina jin ta da rabin kunne.

Tariq ya durƙusa gabanta, murmushin ya tafi. "Madam, mene ne sunanki?"

Ta buɗe baki, amma muryar ta ƙare, sai leɓe ke motsi. Ta damƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Wayata na ta rawa a jaka, na san Yanis ne. Na bar ta tana yi, na miƙe tsaye na juya wajen jama'a.

"Léonie Chavanne!" na ce, yadda na kujerun baya za su ji. "Ita ta rubuta. Ku nemo alƙalami."