I ɗin da Ya Zama A'a

A shekarar 1997 Jibirilu ɗan unguwar Maamobi ne mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibitin kuɗi a bakin unguwar Nima. Kwamfuta biyu ce. Ta wurin karɓar marasa lafiya shi ya rubuta mata manhaja da yaren kwamfuta na C. Ta ɗakin magani kuwa da yaren Basic take aiki, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin ƙasar. Mai asibitin ya ce a haɗa su, sai Jibirilu ya ja waya ya shirya yadda ta ɗakin magani za ta kira ɗayar, a turo mata bayanin mutum a ƙunshi guda: suna, shekaru, nauyi, da ko jikinsa na ƙin fenisilin. Ya gwada da sunan kansa da na ma'aikata, komai ya iso lafiya. Babu mai ƙin maganin a cikinsu.

Mma Damata mai sayar da koko a ƙofar gidansu ita ta goya shi yana jariri. Da ƙafarta ta kumbura tana ruwa, shi ya lallashe ta ta bar maganin gargajiya, ya sa ta a motar haya ta trotro ya kawo ta asibitin. A gabansa ta shaida wa akawu cewa allurar fenisilin ta taɓa kusan kashe ta a Kumasi, a gabansa aka shigar a kwamfuta. Ya koma bakin aikinsa.

Kafin la'asar maƙogwaronta ya toshe. Ba ta kai magariba ba.

Washegari bayan jana'iza ya zauna ya bi ƙunshin gaɓa-gaɓa. A yaren C, lamba ɗaya ita ce "i". Manhajar Basic ɗin kuma ban-da-ɗaya, wato -1, kaɗai ta sani a matsayin "i", duk abin da ba shi ba sai ta nuna "a'a". Saƙon ya iso ba abin da ya ɓace a hanya, nas ta duba allo ta ga babu matsala, ta yi allura. Layi guda ya canza, abin ya gyaru.

Ya sami mai asibitin ya yi masa bayani. Mutumin ya rufe ƙofa, ya tambayi ko wani ya sani, sannan ya ce kwananta ne ya ƙare, kada maganar ta fita, mutum goma sha ke cin abinci a wurin nan.

Ranar sadakar uku, Gafaru babban ɗan Mma Damata ya riƙe hannun Jibirilu cikin jama'a.

"Ɗan'uwa, kai ka yi mata abin da mu ba mu yi ba. Allah Ya saka."

Jibirilu ya ce amin. Aka miƙo masa waina, ya karɓa ya ajiye a gefen tabarma.

Bai koma asibitin ba. Ya kama gyaran rediyo a wata rumfa kusa da babban kwalbatin Nima, in aka kawo masa kwamfuta sai ya ce bai iya ba.