Ku Biyu Kuka Fita

Gwangwani ya ƙwanƙwasa bencin da aka jingine a tsaye a matsayin ƙofa, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ni ne. Na dawo."

Tsinke, wanda ya ɗaura tawul a ka yana kwaikwayon mahaifiyarsa, ya leƙo ta gefen bencin. Da farko samarin sun yi ta dariya, don Tsinke dogo ne siriri, ga gashin baki ya fara tsirowa, babu ta inda ya yi kama da uwar kowa. Amma da ya goge hannu a jikin riga kamar wadda ta taso daga wanke-wanke, ya dubi Gwangwani, ya ɗaga kai ya dubi bayansa, sai dariyar ta mutu.

"Kai kaɗai?" in ji shi a hankali. "Ai ku biyu kuka fita."

Gwangwani ya miƙe. Ya koma wurin zamansa yana karkaɗe gwiwa.

A ɗakin cin abinci na gidan gyaran halin matasa ake wasan, an ture tebura gefe, ko'ina ƙarnin kwanukan da ba a wanke da kyau ba. Malamar wasa takan zo duk mako, mace mai haƙurin da har haushi yake ba mutum. Tsarinta shi ne, duk wanda aka kusa sallama, sai a kwaikwayi abin da ya fi jin tsoro a waje. Shi zai fito a matsayin wanda yake tsoron, tunda shi ya san halinsa, sauran kuma su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya a matsayinsa, kowa ya gwada dabararsa. Doka ɗaya ta kafa wa Tsinke: "Kada ka buɗe don tausayi. Sai in maganar da aka faɗa za ta buɗe ƙofar gaske. In ka sassauta, kanka ka cuta."

Ƙarshen makon nan za a sallami Tsinke, kuma ban da ɗakin Inna ba shi da inda zai dosa. Ranar da shi da abokansa suka je fasa shagon kayan lantarki, shi ya ja ƙaninsa don ya duba musu hanya. Maigadi ya biyo su, Tsinke ya saki hannun yaron ya tsallake titi, yaron ya biyo shi, babbar mota ba ta tsaya ba. Sau ɗaya Inna ta zo, a ofishin 'yan sanda. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta leƙa bayansa, ta faɗi maganar nan, ta juya.

"Saura wa?" in ji Malama.

Lauya ya miƙe yana gyara wuyan riga. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ko gandiroba yakan yi wa daɗin baki har a ƙara masa miya.

"Inna, na koyi kafinta. Ni zan riƙe ki. Duk abin da zai yi miki da yana raye, ni zan yi."

"Shi ai ba ya yi mini komai," in ji Tsinke. "Zama kawai yake kusa da ni yana damuna da surutu."

"To na tuba, Inna. Wallahi na tuba."

"Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka ci abinci kuwa? Tsaya nan, bari in sa a miƙo maka."

Wani daga baya ya ce, "Lauya, an kori ƙararka." Babu wanda ya taya shi dariya.

Aka gwada kuka, aka gwada rantsuwa. Wani ya jawo abokinsa a matsayin kawu, wai ya sa baki. Tsinke ya tarbi kawun da fara'a, ya tambaye shi iyali, ya sallame shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ya ko tunani kafin ya amsa. Maganar fitowa kawai take da muryarta, shi kuma a ransa roƙon kowannensu yake: ka kayar da ni, don Allah ka kayar da ni.

Daga ƙarshe Malama ta ajiye jakarta ta shigo da kanta. Ba ta durƙusa ba. Tana tsaye ta ce, "Inna, ni ma ƙanina ne. Ni ma na rasa shi."

Tsinke ya miƙa hannu. Ya kama bencin, har ya ja shi kaɗan, ƙafar bencin ta yi ƙara a siminti. Samarin suka miƙa wuya. Yana so ya buɗe, Allah ya sani yana so. Amma ya san matar da ta haife shi.

"Da ka san ƙaninka ne," in ji shi, "da ba ka saki hannunsa ba."

Ya mayar da bencin yadda yake.

Malama ta koma ta ɗauki jakarta. Can aka kaɗa ƙararrawa, masu rabon abinci suka fara jawo tebura. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya yi ƙoƙari ƙwarai, mako mai zuwa za su sake gwadawa. Ta manta ba ya nan mako mai zuwa, ko kuwa ta yi kamar ta manta. Bai tuna mata ba.

A hanyar komawa ɗakin kwana ya rage tafiya har ya jera da tsohon gandiroban da ke biye da su da makullai.

"Baba, wanda aka sallama, dole ne ya tafi?"

Tsohon ya yi dariya, ya ɗauka wasan ne bai ƙare ba.

"Kai dai ka fara haɗa kayanka," in ji shi. "Gadonka ma an riga an ba wani."