Inda Sagiru Yake Gudu

Abin da Sagiru ya bari da ya rasu bai taka kara ya karya ba, amma sai da ya ɗaure wa manya kai. Gona kowa ya san yadda ake raba ta, haka akuya, haka buhun gyaɗa. Shi kuwa Sagiru gidan gem ya bari a cikin garin Karaye, wata 'yar rumfar kwano mai benci biyu, inda samari ke taruwa suna buga ƙwallo a talabijin. Sana'ar da ya iya ke nan, domin tun yana rarrafe shan inna ya kama masa ƙafafu, a kan keken guragu ya girma.

Ranar rabon gado aka kwaso kayan aka zube a zauren gidansu a Tudun Kaya. Malam Abdulmutalib, wanda ya yi shekara da shekaru yana raba gado ba a taɓa kuka da shi ba, ya zauna ya ƙura musu ido yana shafa gemu. Na'ura biyu ce. Ɗaya tsohuwa, baƙa, duk ta sha hannu, samari suna ce mata mai lamba biyu. Ɗayar sabuwa dal, mai lamba huɗu, wadda Sagiru bai ko shekara da saya ba. Sai talabijin, da ƙaramin janareta, da wani gwangwanin biskit cike da wayoyi da tarkace.

Magada uku ne: uwarsa Hajo, da matarsa Siddiqa, da yayansa Falalu. Falalu manomi ne, bai taɓa riƙe hannun gem, abin da ake dannawa a buga wasan, ba, kallon shiririta ma yake yi wa abin. Amma yana so a kyautata wa mahaifiyarsu. Shi ya dage aka tsara rabon yadda sabuwar na'ura da talabijin za su faɗa hannun Hajo, don a ganinsa mafi kyawun abin da ɗa ya bari uwa ce ta fi cancanta da shi. Siddiqa aka ba ta tsohuwar, aka cika mata da kwanon rumfa da bencina. Shi kuma ya ɗauki janareta da gwangwanin tarkace. Malam ya yi addu'a aka shafa, kowa ya yaba da adalcin da aka yi. Adalcin kuwa an yi shi, sai dai babu wanda ya san cewa an ba wannan turmi ne an ba wancan taɓarya.

Siddiqa ta gama takaba ta koma gidan ubanta a Fulatan, can ƙasar Rogo. Damina ta zo ta wuce. Sagiru ne dā yake taimakawa da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, bana kuwa Falalu shi kaɗai ya yi ta fama, har ya zama in ya zauna sai ya dafa ƙasa kafin ya miƙe. Wata la'asar ya dawo daga cirar gyaɗa, bai ko wanke ƙafa ba, Hajo ta kira shi. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, ka kunna mini akwatin nan in ga Sagiru."

Falalu ya dube ta. Ya ɗauka baƙin ciki ne ya fara taɓa mata tunani.

"Iya, hotonsa kike so? Yana cikin wayata."

"Hoto na gani har na gaji. A zaune yake a duk hotunan." Ta gyara zama. "Wata rana da na je asibiti a Karaye na biya ta rumfarsa. Ya kori yaran, ya ce, Iya, zo ki ga ɗanki. A cikin masu ƙwallon nan ya yi wani, ya sa masa sunansa, ya yi masa baƙar fata irin tasa. Ya danna, sai na ga yana gudu. Ni na goya yaron nan har ya kai shiga makarantar allo, ban taɓa ganin ƙafarsa ta ɗauke shi ba sai ranar. Shi nake so in ƙara gani."

Falalu ya miƙe. Ya tayar da janareta, ya jona duk wayar da ta yarda ta shiga rami, ya yi ta danne-danne har aka kira magariba. 'Yan ƙwallo sun fito fes, har gumin goshinsu ana gani, amma duk baƙi ne. Washegari ya ɗaure na'urar da gwangwanin a bayan babur, ya nufi Karaye wurin Nasiru mai gyaran waya, abokin marigayi.

Nasiru ya yi masa ta'aziyya sabuwa, sannan ya zazzage gwangwanin a kan tebur. Ya tona, ya tona, ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba.

"Ga memorinsa, ma'ajiyar wasan. Sagirun da Iya take nema yana cikin nan."

"Alhamdu lillahi. To saka shi."

Nasiru ya juya sabuwar na'urar gaba da baya, ya nuna masa. "Ba ta da raminsa, Yaya."

"Yaya za a yi ta rasa? Ai ita ce babbar. Abin da ƙarama ta iya, babba ta kasa?"

"Ba haka suke ba. Kowace da zamaninta. Gida ɗaya ne ya yi su, amma kafin a zo kan wannan an canja kayan cikin gaba ɗaya. Faifan wasan waccan ko ka tura mata ba za ta san mene ne ba, balle memori. Shi kuwa Sagiru a kan tsohuwar ya yi kansa, tun kafin ya yi aure. Da ya sayi wannan ya ce zai sake yi a cikinta, Allah bai nufa ba."

"A samo wata tsohuwar mana. Ba za a rasa a garin nan ba."

"Za a samu. Amma sai da ainihin irin faifan da ya yi aikin da shi, na waccan shekarar, don memorin ba ya buɗewa da wani. Faifan nan kuwa bai taɓa fita daga cikin na'urarsa ba. Tana ina?"

Falalu ya sauke numfashi. "Tana Fulatan."

Nasiru ya ware masa memorin, da hannu ɗaya mai igiya, da wata waya mai kai uku, ja da fari da rawaya. Ya ce in waɗannan suka haɗu da tsohuwar na'urar wuri ɗaya, magana ta ƙare.

Magana kuwa a nan ta fara. Abin da aka raba a gaban malam aka shafa fatiha, da wane baki mutum zai je gidan surukai ya ce a fito da shi? Ga shi ya ji ƙishin-ƙishin an fara zuwa neman auren Siddiqa. Cewa za a yi dangin miji sun biyo gado. Falalu ya yi ta ɗage tafiyar, yau gyaɗa, gobe dawa. Hajo ba ta sake tayar da zancen ba. Wani tsohon zane kawai ta samu ta rufe sabuwar na'urar, ta ɗora ƙwaryar gero a kai. Duk sanda ya shiga gaishe ta sai idonsa ya faɗa kan ƙwaryar nan, kuma ya gwammace a ce faɗa ta yi masa.

Ran wata Laraba ya hau babur. Hanyar ta jijjiga shi har ya ji kowace gaɓa tasa daban. A zaure ya tarar da Malam Jibo, uban Siddiqa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da amfanin gona, aka tambayi jikin tsohuwa, aka yi wa marigayi addu'a, aka sake komawa kan gajiya. Falalu ya sha ruwa, ya yi zancen farashin taki, ya yi zancen tsutsar masara. Da zance ya ƙare masa sai ya sunkuyar da kai ya ambaci na'urar.

Malam Jibo ya ajiye carbinsa. "Kuskure aka gano a rabon?"

"Ko kusa, Baba. Halalinta ce. Aro na zo nema, na yini ɗaya."

"Ku da kuka ɗauki sabuwa?"

Kunya ta rufe Falalu. Ya fara bayanin lamba biyu da lamba huɗu, ya cakuɗa, shi kansa bai gane abin da yake faɗa ba. Malam Jibo ya gaji ya aika a kira Siddiqa. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi. Ta rame. Falalu ya ciro memorin daga aljihu don ya nuna mata abin da yake nufi, bai kai ga buɗe baki ba ya ga ta kafe abin da ido.

"Yaya, ashe yana wurinka."

"A cikin gwangwanin da aka ba ni yake."

"Na kunna ta a talabijin ɗin maƙwabta," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na aro hannu da waya. Na bi ƙungiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman sunansa, babu. Na san memori ne babu, amma na zaci ya ɓata wajen kwasar kaya, kuma na ji nauyin in aika tambaya, kada a ce rabona bai ishe ni ba. Sai na naɗe ta na tura ƙarƙashin gado."

Malam Jibo ya dubi 'yarsa, ya dubi Falalu, ya ɗauki carbinsa.

"A ɗauko masa," ya ce.

"Baba, in ka yarda ni zan kai ta gobe. Yaya bai iya bugawa ba. In ba a riƙe Sagirun ba tsayawa zai yi kawai a tsakiyar fili." Ta sunkuyar da kai. "Ni ya koya mini."

Da hantsi ta iso Tudun Kaya da na'urar naɗe cikin zane. Hajo ta riƙe hannunta suka yi kukansu suka gama, sannan aka sauke ƙwaryar gero, aka kawar da sabuwar gefe. Falalu ya tayar da janareta a tsakar gida. Siddiqa ta jona ja da fari da rawaya, ta tura memorin cikin raminsa har ya yi ƙas. Tsohuwar na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙara, ta ƙi. Siddiqa ta ciro faifan ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta jingine na'urar a tsaye jikin ƙafar gado yadda mai ita yake yi in ta yi gardama. Can sai fili ya bayyana.

Falalu ya ji ransa ya ɗan sosu. Bayan waɗancan na sabuwar, waɗannan kamar an sassaƙa su da gatari, fuska dusu-dusu, kafaɗa murabba'i. Wannan ne ya sha hanyar Rogo a kansa? Sai Siddiqa ta nuna wani baƙi siriri a gefen fili. A ƙasan talabijin ɗin suna ya fito, harafi shida, wanda ko shi da bai yi nisa a boko ba ya iya karantawa.

Hajo ta ja jiki har gwiwarta ta taɓa teburin talabijin ɗin. "Shi ne. Sa shi ya tafi."

Siddiqa ta danna. Sagiru ya ɗauki ƙwallo ya zura da gudu ta gefen layi, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ƙafafunsa suna cin ƙasa. Da ya isa kusa da raga Siddiqa ta yi niyyar miƙa wa wani.

"Kada ki ba kowa," in ji Hajo. "Juyo da shi."

Ta juyo da shi. Ya koma har ragar gidansu, ya sake juyowa. Aka ƙwace, ta bi ta ƙwato, ta mayar masa. Babu wanda ya damu da ci. Falalu yana tsaye a bakin ƙofa, ya tuna yadda yake saɓa yaron nan a kafaɗa zuwa masallacin Idi, da yadda ƙafafun suke reto a ƙirjinsa ba nauyi. Kewar ƙaninsa ta taso masa, irin wadda aikin gona ya hana shi zama ya ji tun ranar jana'iza. Ya bar hawayen suka zubo, bai share ba.

Can cikin zagaye na biyu gudun ya fara raguwa. Waɗanda yake wucewa dā suka riƙa cim masa. Da ƙwallo ta fita waje sai ya tsaya, ya sunkuya.

Hajo ta dafa hannun Siddiqa. "Me ya same shi? Ƙafar ce?"

"A'a, Iya, ƙafarsa lafiya lau. Gajiya ce. Haka aka yi su, in sun yi gudu da yawa sai su gaji."

Hajo ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe har ya san gajiyar gudu," ta ce a hankali. Ta koma ta jingina da bango, ta ja mayafinta. "To ya isa. Ki bar shi ya huta."

Falalu ya fita ya kashe janareta. Gidan ya yi tsit, sai kukan kaji a bayan rumbu. Ya ɗan tsaya a rana kafin ya koma. Ya tarar Siddiqa ta naɗe wayoyi, ta zare memorin, ta miƙo masa da hannu biyu.

"Rabonka, Yaya."

Ya dubi Hajo. Idonta a rufe yake, amma ta ɗaga masa kai kaɗan.

"Mayar da shi inda kika ciro shi," in ji Falalu. "Ki naɗe su tare."