Hoton Fasfo na Gimbiya

"Riƙe mata haɓa, amma ki sauke hannunki ƙasa kaɗan," na ce wa matata.

Tana durƙushe a bayan kujera, ta lulluɓa da farin ƙyallen da nake ratayawa a bango in zan ɗauki hoton fasfo. Hannunta ɗaya ya tallafo ƙeyar Gimbiya, ɗayan yana ƙarƙashin haɓarta. Na danna kyamara. Kafin hasken ya gama walƙawa, kan yarinyar ya fizge zuwa hagu, kafaɗarta ta ɗaga, ta kece da dariya. Karo na goma sha huɗu ke nan. Zufa ta jiƙa mini riga sharkaf, uwar kuma tana ƙorafi daga cikin ƙyalle wai gwiwoyinta sun sage.

Shekara ashirin ina sana'ar hoto. Na ɗauki jarirai masu tsala ihu, na ɗauki tsofaffin da ba sa ƙifta ido sai daidai lokacin da na danna, na ɗauki angwaye masu ɗaure fuska kamar an kawo su gaban alƙali. Amma 'yar cikina mai shekara takwas ban taɓa ɗaukar ta ba sai ran nan. Nakan ce wa uwarta ai ba ta tsayawa wuri ɗaya, hoton zai fito dishi-dishi. Gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Kunya nake ji kada mai zuwa shago ya gani ya tambaya.

Gimbiya muke ce mata domin ba ta taɓa taka ƙasa ba, ɗaukar ta ake yi. Ranar haihuwarta naƙuda ta yi tsawo, ta fito ba ta yi kuka ba sai can da jimawa. Daga baya likita ya yi mana bayani cewa iska ce ta yanke wa sashen ƙwaƙwalwa mai ba gaɓoɓi umarni, shi ya sa hannunta ba ya zuwa inda ta aike shi, harshe ma haka. Ya ce ba ciwon da ake ɗauka ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma hankalinta ras yake. To, maƙwabta sun fi likita karatu. Wannan ta ce aljanu ne, wancan ya ce alhakin wani ne ke bin mu. Gwaggona kuwa in ta zo gidan sai ta janye jikokinta gefe, ta ƙi shan ruwa a kofinmu.

Hankalin nata ne ya kai mu ga wannan hoto. Yayarta tana aji huɗu, kullum da la'asar tana aikin gida a kan tabarma, Gimbiya na kwance kusa da ita tana kallo. Wata rana yayar ta rubuta bakwai da shida goma sha biyu. Gimbiya ta yi ta dukan littafin da diddige, aka tsawata mata ta ƙi bari, har uwarta ta duba ta ga kuskuren. A ranar muka gane ta san lissafi, ta san haruffa, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Kafin ta fitar da kalma ɗaya wani ya shanye kofin ruwa, amma akwai wadda ba ta fashi kowace safiya in yayarta ta saɓi jaka: makaranta.

* * *

Na zaɓi mai dama-dama cikin hotunan na ɗora a kwamfuta. Gyaran fuska shi ne abincina. Na sha goge ƙuraje, na cike giɓi, na rage wa mai neman aiki shekara goma ba tare da ya roƙa ba. Hannuna ya san hanya. Na goge yatsun uwarta daga ƙarƙashin haɓa, na share yawun da ya gangaro gefen baki, na miƙar da wuya, na sauke kafaɗa, na rufe bakin da dariya ta buɗe. Cikin rabin awa sai ga wata nutsattsiyar yarinya tana kallona, irin wadda ba makarantar da za ta rufe wa ƙofa.

Da na kai gida matata ta daɗe tana kallon hoton, ba ta yaba ba. Ta tambaye ni ko na rubuta lalurar yarinyar a fom, tunda akwai layin da aka ware don haka. Na ce na bar shi fili.

"Baban Gimbiya, ka gaya musu gaskiya. Na gaji da a ga 'yata a ja da baya."

"Makarantu uku na gaya wa gaskiya. Ko fom ɗin sun ba ni?"

Ita ke goya yarinyar zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, ta hau da ita bene hawa biyu, bayanta har ya fara ranƙwafawa tun ba ta kai talatin da biyar ba. Ba ta da sauran ƙarfin gardama. Makarantar yayar ce kaɗai ta rage mana a unguwa, mun bar ta ƙarshe don kada yara su sa yayar gaba da tsokana. Dabarata ita ce in suna ya shiga rajista, aka ɗinka kaya, zai yi musu nauyi su ce mu koma.

Bayan mako guda takarda ta zo, an ɗauke ta aji ɗaya. Gimbiya ta sa aka karanta mata sau uku, sannan ta sa aka riƙe mata ta karanta da kanta. Tela ya sha wuya wajen awo, yana miƙe hannu hannun yana naɗewa. Da kayan suka iso muka rataye su a ƙusa inda za ta riƙa ganin su. Duk makon nan abu ɗaya take bita, ita da yayarta, safe da yamma: yadda za ta ce ina kwana, Malama.

* * *

Ranar Litinin muka tura ta a keken da mai walda na jikin shagona ya haɗa mata da kujerar roba da tayoyin tsohon keke. Matakala uku ce a ƙofar ofis, na ciccibi keken da ita a ciki. Shugabar makarantar mace ce mai fara'a, ta amsa gaisuwarmu da kyau, ta jawo fayil ta buɗe, ta tambaya ina ɗalibar.

Na ce, "Ga ta nan."

Ta dubi hoton, ta dubi Gimbiya, ta sake duban hoton. Fara'ar ta tafi a hankali.

"Malam, ai wannan ba ita ba ce."

Na fara zuba bayani kamar wanda aka kama da kayan sata. Na ce ta rubuta kowane lissafi a takarda ta gwada ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce yara sittin ne a aji, malama ɗaya. Ta ce banɗaki yana can bayan fili, shi ma da matakala. Ta ce iyaye za su fara kwashe 'ya'yansu, kuma wa zai riƙa goge mata baki? Ta ba mu shawarar makaranta ta musamman, wadda mun riga mun je muka tarar ta kurame da makafi ce. Duk wannan a saman kan Gimbiya ta yi shi, kamar buhu muka shigo da shi muka ajiye.

Ni kaɗai na lura da wuyan yarinyar ya ɗaure, jijiyoyi sun fito, leɓɓanta suna kokawa. "Ina" ta fito. Kafin kalma ta biyu ta iso aka kaɗa ƙararrawa, shugabar ta ɓalle hoton daga fom ta miƙo mini.

"Ku yi haƙuri. Da wannan kuka kawo mini, da yanzu tana aji."

Muna kan matakala ta biyu, na rungumi keken ina nishi, sannan sauran gaisuwar ta fito: "Kwana, Malama."

* * *

Shago na wuce da ita, domin uwarta ta ce tana son ta ɗan kwanta, na kuma san ba barci za ta yi ba. Na ajiye hoton a kan tebur na zauna. Gimbiya ba ta taɓa ganin sa ba. Ta zuba masa ido, kanta yana fizgewa tana dawo da shi, ta daɗe tana tara numfashi.

"Baba, wace ce?"

Na sha yi wa mutane ƙarya a kan fuskokinsu su tafi suna godiya. Amma ita na kasa yi mata. Shugabar makaranta ta ƙi 'yata, amma ni na riga ta, ni na fara goge ta da hannuna. Na ji na gaji irin gajiyar da ban taɓa yi ba.

Na buɗe kwamfuta na nemo na goma sha huɗun nan, wanda ban taɓa ba. Kai a karkace, baki a buɗe da dariya, yatsun uwarta huɗu sun leƙo daga cikin ƙyalle. Na wanke shi babba na liƙa a gilashin ƙofa, tsakanin wata amarya da wani mai rigar kammala karatu. Mutum na farko da ya shigo ya nuna shi da baki ya ce na manta na liƙa wanda ya lalace. Na ce masa bai lalace ba, 'yata ce. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya gyara hula ya zauna a ɗauke shi.

Wata huɗu ke nan. Har yanzu kowace safiya sai an sa mata kayan makaranta, uwarta ta daina lallashi, sa mata kawai take yi. Ina turo ta shago, ta zauna a bakin ƙofa ƙarƙashin hotonta, tana kallon yara suna wucewa da jakunkuna, yayarta na ɗaga mata hannu. In sun ƙare, titi ya yi shiru, sai in jiyo ta tana bitar gaisuwar nan. Yanzu da numfashi biyu take kai ta ƙarshe.