Doguwar Hanyar Gwaggo

Mai aski ya ƙi karɓar ɗansa. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin masu jego, hannu a aljihu, kamar wanda ya zo duba ɗan maƙwabci.

Tun da aka buɗe masa zanen ya ga ɗan ƙaramin yatsan jaririn a lanƙwashe, ya ja da baya. Irin yatsansa ne sak, kuma irin na mahaifinsa, wanda giya ta kai kabari. Shi ma da ƙyar ya ƙwaci kansa daga kwalba kafin aure. Likitan da ya taimake shi ya taɓa gaya masa cewa saurin kamuwa da ita yana iya bin jini, ko da yake ba dole ba ne. Rabin farko na maganar kawai ya riƙe.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta kafa masa ido daga kan benci. Tsohuwar da duk dangi ke yi wa tsiya ce, domin ba ta taɓa bin gajeriyar hanyar kasuwa ba. Sai ta zagaya ta bayan makaranta, ga ciwon gwiwa, ga kaya a ka. Yara har waƙa suka yi mata.

Ta yafito shi, ta shimfiɗa hannunta a kan cinya. Bai taɓa lura ba: nata yatsan ma a lanƙwashe yake.

"Ka san abin da ke kan gajeriyar hanya?"

Ya sani mana. Mashaya ce, ya sha kwana a ƙofarta.

"Ban taɓa kurɓa ba, ɗan nan. Amma tun ina budurwa, in warin giya ya buge ni, sai yawuna ya tsinke. A nan na gane abin da ke cin yayana yana jikina."

Ya zauna ba tare da ya shirya ba. Mamaki ya cika shi, har da wani irin tsoro mai kama da girmamawa. Ashe duk tsawon rayuwarsa yana kallon yaƙi da idonsa, yana yi masa dariya.

Ya je ya miƙa wa matarsa hannu biyu. Ta ɗora masa yaron, ya rungume shi a ƙirjinsa.

"Gwaggo," ya ce, "in ya fara tafiya, ke za ki nuna masa hanyar kasuwa."