Minti Ukun Mama

Agogon da ke bangon zauren majalisar garin Dunmore yana nuna minti uku da jajayen lambobi, yana jiran mai magana. Mama ta ƙura masa ido. Ta sanya shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, da hular da ba ta fitowa da ita sai ranar Ista. A cinyarta akwai takarda ninki huɗu. Mako biyu tana bitar jawabin nan a kicin, wanta Kawu Cleon yana duba mata agogo, har ta rage shi daga minti bakwai zuwa uku ba daƙiƙa goma.

"Odessa, kada ki fara da addu'a," Kawu ya raɗa mata. "Addu'arki kaɗai ta ishi minti ukun."

"Rufa mini baki, tsoho. Kai da ko amin ba ka faɗa sai an tashe ka."

Ni ban yi dariya ba. Talata ce, ƙarfe biyu na rana. Wai zaman jin ra'ayin jama'a ne, aka sa shi daidai lokacin da jama'a ke bakin aiki.

*

Kundin mulkin garinmu ya girmi Mama. Ya ce gari duka ne ke zaɓen kansiloli bakwai a dunƙule, ba kowace unguwa ta zaɓi nata ba. Mafi yawan masu ƙuri'a suna kan tudu, don haka bakwai ɗin nan kullum 'yan tudu ne. Unguwarmu Tanyard, da ke gangare bakin kogi, ba ta taɓa samun ko ɗaya ba. Shekara goma sha tara muna kai kukan kwalbatin Titin Sawyer, ana ce mana an rubuta.

Duk shekara goma kwamiti yake zama ya duba kundin. Idan mutum dubu ɗaya da ɗari biyar masu rajistar zaɓe a cikin gari suka sa hannu, dole a kai gyaran da suke so gaban masu ƙuri'a. Da wannan na dawo daga jami'a, ina cike da haushin mutanenmu. A bi su gida-gida, su ce, "Renita, haka muka tarar da shi." Sai na ji kamar in jijjiga su.

Ruwa ne ya jijjiga su. A watan Afrilu kwalbatin ya toshe, ambaliya ta kai bakin taga. Hukuma ta manna jar takarda a ƙofofi, ta ce gidajen ba su zaunuwa. Mama da maƙwabta da dama suka tsallake gada zuwa Pine Hollow, can bayan iyakar gari, suka raɓa a gidajen dangi. Daga nan ba wanda ya sake musa mini. Kowace Lahadi bayan coci, ana soya tarwaɗa, ina zagawa da takardar neman kowace unguwa ta riƙa zaɓen kansilanta. Sa hannun mutum dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in na tara.

A cikin haka maganin ciwon sukarin Mama, da ake aiko mata ta gidan waya, ya yi ta komawa inda ya fito, saboda mai raba wasiƙu ya daina shiga Titin Sawyer. Na ari motar coci, na kwashi tsofaffi zuwa ofishin katin shaida don a canza musu adireshi. Sawu tara na yi a wata guda, wasu kuma suka bi sahu da ƙafarsu.

Mama ta ƙi riƙe alƙalami. "Gidana lamba goma sha huɗu ne, Titin Sawyer. Baƙunta nake yi wajen Cleon."

"Baƙuwar da ta ƙwace mini kujerar kallon talabijin," in ji Kawu.

"Mama, sakaci da takarda shi ke kashe mu," na ce. "A yi komai bisa ƙa'ida, kada a samu abin kama mu da shi."

Daga ƙarshe ta sa hannu. A ƙasan takardar akwai ɗan gurbi da ke tambaya ko a mayar da rajistar zaɓe sabon adireshin. Na yi mata alama. Haka na ce kowa ya yi. Ai ni ce mai karatu.

*

Misis Pruitt, magatakardar gari, ta gyara tabarau ta karanta ba tare da ta ɗago ba. An kawo sa hannun mutum dubu ɗaya da ɗari shida da arba'in. An soke ɗari biyu da goma sha biyu, domin rajistarsu ta bar gari. Saura saba'in da biyu a cike adadi, kuma wa'adi ya cika tun Juma'a.

Ban san lokacin da na isa gaban makirfo ba. Agogo ya fara sauka.

"Renita Gaskins, Titin Locust, cikin gari. Ku kuka bar kwalbati ya toshe. Ku kuka rufe gidajen. Yanzu ku ce mutanen ba 'yan gari ba ne?"

Mista Whitlock, shugaban kwamitin, dattijo ne mai taushin murya. "Malama, wallahi muna tausaya muku. Amma rufe gidaje aikin sashen gine-gine ne, ba namu ba."

"Sashen gine-ginen wa yake yi wa aiki? Aljanu?"

"Kundi muke bi."

"Kundin kuka zo gyarawa."

Na kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na faɗi titin da kowa yake zaune. Na ce su je su shinshina bangon Mama. Ina tsakiyar magana ƙararrawa ta buga, makirfo ya mutu. Wata kansila ma ta gyaɗa mini kai, kamar mai yaba karatun ɗaliba.

Aka kira Odessa Gaskins. Mama ta tashi a hankali, ta warware takardarta.

"Suna da adireshi, Mama," in ji Misis Pruitt.

"Lamba goma sha huɗu, Titin Sawyer. Shekara arba'in da shida ina zaune a can."

Misis Pruitt ta duba kwamfuta. "A nan Pine Hollow na gani. Wanda ba mazaunin gari ba sai a ƙarshe, in lokaci ya ragu."

"To bari in karanta mata," na ce daga kujera.

"Kin riga kin yi naki, Malama Gaskins."

Mama ta dube ni sau ɗaya, ta dawo ta zauna. Sauran lokacin ya tafi wajen muhawara a kan ko za a mayar da zaman majalisa daga Litinin zuwa Talata. Ƙarfe huɗu Mista Whitlock ya buga gudumarsa, ya gode wa kowa, ya ce kwamiti na gaba zai zauna nan da shekara goma. Mama tana da shekara saba'in da ɗaya.

*

A mota na buɗe baki zan ba ta haƙuri.

"Tuƙa kawai, 'yar nan. Kai ni gida."

Na nufi gada. Ta ce, "Gida na ce."

Titin Sawyer shiru, sai warin laka da katifun da aka jibge a bakin hanya. Layin ruwa yana nan a jikin kowane bango. Mama ta hau matakalar gidanta, ta juya wa jar takardar baya, ta fuskanci titi. Ta gyara hula.

"Cleon, duba mini."

Kawu ya ɗaga hannunsa mai agogo, bai yi ba'a ba. Ta karanta duka. Ta ambaci kwalbatin, da shekarar da Baba ya dasa itacen goron ƙofar gida, da hotunan aurensu da suka manne da juna suka zama dunƙule. Ba ta zagi kowa ba. Abu ɗaya ta roƙa: a samu mutum guda a majalisa wanda in an yi hadari shi ma zai leƙa taga.

"Biyu da hamsin," Kawu ya ce da ta gama.

Ta ninke takardar huɗu, ta sauko zuwa akwatin wasiƙa da ke bakin titi. Sai da ta ja da ƙarfi kafin murfin ya buɗe, busasshiyar laka ta zubo. Ta saka takardar, ta rufe, sannan ta ɗaga 'yar jar tutar da ke gefen akwatin, wadda ke gaya wa mai raba wasiƙu cewa akwai saƙon ɗauka.